Ƙararrawar Ƙarshe ta Rabaran Isuwa

"Matsa kaɗan, Irimiya, Dankure shi zamna nan," in ji Rabaran Isuwa, muryarsa da ƙyar take fita.

Na matsa, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ne katikis ɗinsa, wato mataimakinsa, a majami'ar Angalika ta Birnin Kebbi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ni nake goge masa farar rigarsa da dutsen gawayi, ni nake kaɗa ƙararrawa safe da yamma, wato tsohon wilin mota da muka rataya a dalbejiya. Yau kuma da yake kwance, kujerata ta gefen gado aka ba masunci daga Argungu mai ƙarnin kifi.

Ba yau mutane suka fara raba ni da shi ba. Tun kafin a sauke tutar Turawa bara yake yawon haɗa kan ikilisiyoyi, yau Sakkwato, gobe Jos. Idan ya dawo, bakinsa cike da labarin Fada wane da Fasto wane, ni kuwa sai "Sannu da tsaron gida." Dankure ne yake ƙetarar da shi kogin Rima a kwalekwale duk lokacin da ya fita ƙauyuka. Musulmi ne, ko ƙofar majami'armu bai taɓa takawa ba.

Ranar ɗakin ya cika. Fadan Katolika ya yi addu'arsa, faston Baftis ya yi tasa mai tsawo kamar ba zai dire ba. Matarsa, Mama Kezia, tana yi masa fifita da mafici. Ni dai abu ɗaya nake so, idan numfashin ya zo ƙarshe, ya kasance hannuna ne a cikin nasa.

Sai ya lalubo hannun Dankure ya riƙe. Ya dube ni ya ce, "Irimiya, rana ta yi sanyi. Tai ka kaɗa ƙararrawa."

"Baba, yau ma?"

"Yau ma."

Na fita kamar ɗan aike, hawayen takaici na zubo mini. Na ɗauki guntun ƙarfen da nake kaɗawa da shi na dinga dukan wilin nan da haushi, har tantabaru suka watse daga rufin kwano. Da hannuna ya gaji, sai dukan ya koma yadda na saba yinsa, a hankali.

Da na dawo, Mama Kezia ta riga ta rufe masa ido. Hannunsa yana nan cikin na Dankure. Na juya na fita.

Dankure ya biyo ni bakin zaure. "Malam Irimiya, kana farawa yac ce kowa shi yi shuru. Haka shi ka yi min bisa ruwa. In munka taho daga Zauro da marece, sai shi ce, 'Aje filafili, ga Irimiya can.' Ruwa na janmu, ba shi bari in tuƙa sai ka ƙare."

"Bai taɓa gaya mini ba," na ce.

"Ni yag gaya ma, kullum."

Wannan ma ya ba ni haushi.

Washegari da yamma, bayan mun binne shi, na je gindin dalbejiya na fara kaɗawa. Daga kan tudun ana hango fadama. Can nesa akwai kwalekwale guda a tsakiyar ruwa, mai shi ya ɗora filafili a cinya, ruwa yana jansa a hankali.