Daman Ɗan Tsako

Alli muke ce masa a jami'a, don ba ka taɓa ganin hannun rigarsa babu farin alli. Malamin lissafi ne. Ni kuwa ƙwai ne sana'ata, ina nazarin yadda ɗan tsako ke haɗuwa tun bai kai a kira shi tsako ba. Zuciyarsa takan fara ne a matsayin siririn bututu miƙaƙƙe, daga baya ta lanƙwashe zuwa dama. Me ke lanƙwasa ta? Tambayar da Alli ya yi shekaru yana bi da lissafi a kwamfuta ke nan, ni ina ba shi hotuna.

Lissafinsa ya ce ƙarfin yana jikin bututun ne, ko an yanke tantanin da ya lulluɓe shi, dama zai nufa. A kan wannan maganar aikinsa ya rataya. In ta tabbata, kwamitin jami'a zai tabbatar da shi a kujerarsa. In ta rushe, kwantiraginsa ya ƙare da wannan zangon, ya kwashe matarsa da 'yan biyunsa daga gidajen malamai.

Na yanke tantanin, na ɗauki hotuna, na tura masa, na tafi taro. Ranar da na dawo sai ga shi a ƙofar ɗakin bincikena. Tun da muke bai taɓa tako ƙofar nan ba, wai ƙarnin ƙwai na tayar masa da zuciya. Mutumin da ya tsufa a kan zuciyar tsako, amma ƙwai ya fi ƙarfinsa.

"Yaya, na zo in gaya miki da bakina kafin in je wurin shugaban sashe," in ji shi. "Zan janye aikin."

"Wane aikin?"

"Duka. Zukatan nan hagu suka tafi, Yaya. Ko ɗaya ba ta yi mini kara ba."

Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Ya ce ya bi lissafin layi-layi bai ga inda ya kuskure ba, kuma ba zai tsaya gaban kwamiti da abin da ya san ƙarya ne ba. Maman 'yan biyu ma ta fara ɗaure littattafai a kwali, har labule ta sauke.

Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya. Ni da idona na ga zukatan nan sun tafi dama. Na ce ya buɗe kwamfutarsa. Ya buɗe a kan teburin da ke kusa da injin ƙyanƙyasa, yana toshe hanci da hankici, ya ɗora yatsa a kan hoton.

"Ga shi, hagu."

Na dubi hoton, na dube shi. Sai na gane.

"Alli, tsaya a gabana. Ɗaga hannunka na dama."

Ya ɗaga, kamar ɗalibin da aka kama yana barci. Ni ma na ɗaga nawa.

"Nawa yana wane ɓangarenka?"

"Hagu," ya ce a hankali.

"To, hotunan da ka saba gani ta 'yar taga nake ɗauka a jikin ɓawo, tsakon yana kwance rub-da-ciki, bayansa kake gani. Tantanin nan kuwa ta ciki yake. Dole in fito da shi in kwantar da shi rigingine kafin in yanke. Fuskantarka yake yi, bawan Allah. Hagunka damansa ne."

A fagenmu kowa ya san haka, shi ya sa ba ma ko faɗa. A fagensu kuma dama dama ce, ba ta da ciki ba ta da baya.

Bai sauke hannun ba sai da na ce ya sauke. Ya zauna a kan kwandon shara da aka kife, yana ta alhamdu lillahi ƙasa-ƙasa. Can ya ce, "Dukansu?"

"Dukansu. Da ka ɗaga waya ka tambaye ni, da ba ka zubar da rabin naman jikinka ba."

"Kunya na ji. Na ɗauka na ɓata miki shekaru."

Na ɗauko faranti ɗaya mai tsako a ciki daga injin, na sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na saita a kan zuciyar, na ja Alli ta hannun riga. Ya kafa ido, ya daɗe bai ɗago ba. Hankicin ya faɗi ƙasa bai ma sani ba.

"Yaya," ya ce, "ashe bugawa take yi."

"Da me ka ɗauka?"

"A wurina ba ta motsi sai na danna maɓalli."

Ya lalubo wayarsa a aljihu, idonsa na kan madubin. Ina jin muryar maman 'yan biyu tana tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," ya ce. "Ki kwance kwalayen nan. Labulen ma ki bar shi, in na dawo zan mayar."