Kujera Kusa da Taga

Kumudini tana tsakar kankare kifi, hannuwanta duk ƙarni, sai Dalal ta faɗo kicin ta kara mata waya a gaban ido.

"Kumu, ɗago ki gani. Nan ba ƙasarku ba ce?"

A fuskar wayar, wani shuɗin jirgin ƙasa ne yake ratsa tsaunuka, gonakin shayi sun lulluɓe su kore shar, gajimare ya sauko har yana shafar kan bishiyoyi. Wuƙar ta tsaya a hannunta. A waje kuwa zafin Kuwait ya kai matsayin da ko kyanwa ba ta taka kwalta.

"Ita ce, Mama," ta amsa. Ta girmi Dalal nesa ba kusa ba, amma Mama take kiranta, mijinta Fawaz kuma Baba, kamar yadda kowace 'yar aiki take yi a unguwar.

"To can za mu hutun bana. Baba ya gaji da Turkiyya, ni kuma na gaji da ƙorafinsa. Da ke za mu tafi, in ba haka ba wa zai riƙe mini 'yata Hessa?"

Shekara shida ke nan rabon Kumudini da Sirilanka. Da hutunta na fari ya zo, Dalal tana da tsohon ciki. Da na biyu ya zo, an yi wa Hajiya Lulwa, mahaifiyar Fawaz, aiki a gwiwa. Daga nan sai aka koma "bari a ga bayan azumi," azumi ya wuce, wani ya zo ya wuce. Fasfonta yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Baba, wai don kada ya ɓata.

Ta wanke hannu a hankali, ta goge a jikin rigar aikinta, kafin ta samu ƙarfin magana.

"Mama, in mun je birnin Kandi, ƙauyenmu ba nisa. Yini ɗaya kawai nake roƙo, in ga 'yata."

"Yini ɗaya? Ke ma dai! Ki ɗauki biyu, in sha Allah."

Kumudini ba Musulma ba ce, amma ta daɗe a gidan har ta san girman wannan kalma, ta kuma san akwai masu fakewa a bayanta ba tare da jin nauyinta ba. Ta dubi fuskar Dalal, ba ta ga alamar yaudara ba. Sai ta yarda.

* * *

Ranar da ta kira gida, 'yarta Sanduni ce ta ɗauka. Tana da shekara shida uwar ta bar ta wurin kakarta. Bara yarinyar ta zama budurwa, aka yi mata wankan al'ada da bikin da ake yi, gwaggonta ce ta tsaya a matsayin uwa. Kumudini a hoto ta gani.

"Ina nan zuwa, 'yata. Watan gobe."



"Da gaske, Amme, ko irin na bara ne?"

"Da gaske. Mutanen gidan ne da kansu za su zo, ni kuma dole da ni."

"To zan faɗa wa malamarmu ta ba ni izini. Kaka! Kaka, wai Amme za ta zo!"

Ta ji muryar tsohuwa daga nesa tana cewa a fara tanadin kwakwa, za ta dafa shinkafa da madararta irin ta ranar murna. Kumudini ta so ta ɗinka wa yarinyar riga, sai ta tarar ba ta san tsawonta ba. Da kunya ta tambaya.

"Na wuce Kaka," in ji Sanduni tana dariya. "Ke ma wataƙila na wuce ki."

Makonnin da suka biyo baya, gidan bai da zance sai na tafiya. Tana goge bene Dalal za ta biyo ta da tambaya: damina ce yanzu a can? Akwai naman halal? Gaskiya ne matsattsaku suna hawa ƙafar mutum? Masallaci fa? Kumudini tana amsawa tana guga, tana amsawa tana goyon Hessa. Aikin bai ragu ba, ciwon bayanta ma bai ragu ba, sai dai yanzu idan ta miƙe tana jin akwai ranar da take jira.

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dangi suka taru cin abinci a gidan Hajiya Lulwa kamar kullum. An kwashe farantan shinkafa da nama, Kumudini ta ɗauko tiren shayi, tana dab da ƙofar falo ta ji an ambaci sunanta. Ta tsaya. Sun saba magana kamar ba ta jin Larabci.

"Da ita za ku?" Muryar Hajiya ce. "Fawaz, kai da hankalinka? Ka kai kaza bakin akurkinta, ka sake ta, sannan ka ce ta biyo ka?"

Fawaz ya amsa wa uwarsa: "Yumma, ni ba ruwana, tsarin Dalal ne. Ni nawa biyan kuɗin jirgi da ɗaukar kaya."

"Ka ɗauki kaya? Kai da ko carbinka sai an miƙo maka!"

Aka yi dariya. Hajiya ta ci gaba: "Maƙwabciyata ta tafi da tata 'yar aikin garinsu, Manila. A filin jirgi yarinyar ta ce za ta zagaya, har yau tana zagayawa. Wata uku baiwar Allah tana wanke-wanke da hannunta kafin a kawo mata wata, ita ma sai da aka koya mata kunna murhu."

"Kumu ba haka take ba, Khalti," in ji Dalal ga surukarta. "Kuma na riga na yi mata alkawari za ta ga 'yarta."

"Ai abin da nake faɗa ke nan. Uwa ta rungumi 'yarta bayan shekara shida, ki ce ta sake ta ta zo ta ɗauki taki? Ke za ki iya? In kin ji tawa, bar mini ita a nan har ku dawo."

"In bar ta? To hutu zan je ko reno? Duk shekara ina tsaye gaban allo, ɗalibai sun cinye mini murya, kwana goman nan ma a hana ni?"

"To ku saurara," Fawaz ya katse su. "Mu tafi Tailan. Teku ɗaya, kwakwa ɗaya, giwayen ma 'yan uwan juna ne. Ga asibitoci, Yumma ta biyo mu a duba gwiwar nan da ta fi kowa mulki a gidan nan."

"Ja'iri!" in ji Hajiya, tana dariya.

Tiren ya yi wa Kumudini nauyi. Ba ta roƙi komai a ranta ba sai kalma ɗaya daga bakin Dalal. Ta ji ƙarar cokali a kofi, ta ji na'urar sanyaya ɗaki tana huci. Har ta fara sa rai.

"An ce dai otal-otal ɗin Fuket, can Tailan ɗin, sun fi tsabta," Dalal ta faɗa a hankali.

Kumudini ta shiga, ta durƙusa, ta zuba wa kowa shayinsa yadda yake so. Na Hajiya babu sukari.

* * *

Sai da aka fara haɗa kaya sannan Dalal ta faɗa mata. Akwatuna a buɗe a kan gado, Kumudini tana ninke kayan wankan yara, Dalal tana jera turaruka, idonta a kan kwalabe.

"Kumu, an canza. Tailan za mu. Baba ne, kin san shi."

"To, Mama."

"Kada ki damu, can ma duk mabiya Buda ne irinku. Ɗakunan ibadarsu ko'ina, har da na zinariya. Za ki ji kamar kina gida, wallahi. Zan ma bar ki ki shiga ɗaya ki yi addu'arki."

"Na gode, Mama."

Dalal ta zauna a bakin gado, ta murza goshinta. Da alama ita ma ba ta yi barcin kirki ba.

"Baɗi za ki tafi, in sha Allah. Hessa ta ƙara wayo tukuna." Ta ɗan yi jim, kamar mai laluben abin da za ta bayar. "Ina jin ma ta saman ƙasarku jirgin zai bi. Ai duk hanya ɗaya ce."

Kumudini ta ɗago kai a karo na farko.

"Ko za a sa ni kusa da taga, Mama?"

"Kai, taga ta ɗana Mishari ce, kin san rigimarsa, ba zai bar mu mu sha iska ba. Ke kina tsakiya, Hessa a cinyarki. Danna mini akwatin nan, ya ƙi rufuwa."

Ta hau kan akwatin da gwiwoyinta biyu, ta kama zif ɗin tana ja. A aljihun rigarta waya ta fara rawa. Ta san lokacin: an tashi daga makaranta a can, Sanduni ta iso gida, za ta tambayi ranar da za ta faɗa wa malamarsu.

Wayar ta yi ta rawa a jikin cinyarta har ta gaji ta yi shiru. Can ta sake somawa.

"Saura ƙaramin," in ji Dalal, ta turo mata wani akwatin.