Iskar da Sai An Gaishe Ta

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu kunyarsa ba ta sake ni ba.

Wai ga ni da hantsi a bakin kogi, a ƙungiyar masu tuƙa ƙananan jiragen ruwa, irin waɗanda ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura. Aikin sa-kai na zo, ni da ko kwale-kwale ba na shiga sai da salati. Sakataren ƙungiyar wani bunsuru ne mai tabarau. Ya rubuta sunana a takarda, ya cinye ta, ya ce, "Shi ke nan, ka shiga ciki."

Aka ba ni tsintsiya na share kogin tas. Aka ba ni ƙwarya na yi ta ɗiban ruwa ina zubawa cikin jirage, don kada su ji ƙishi a hanya. Yayyafi ake yi daga ƙasa zuwa sama, kowa ya kare ƙafarsa da lema.

Sai na hango matata Azumi a tsallake, zaune kan kujerarta ta tsakar gida tana tsintar shinkafa. Gaɓar da take kai tana ja da baya a hankali.

"Da la'asar muke naɗe kogin," in ji bunsuru. "Wanda ke can, ya zauna can ke nan."

Na afka wani jirgi, ashe ƙyallensa babbar rigata ce ta Juma'a. Ko motsi bai yi ba.

"Ina iskar?"

Bunsuru ya ce, "Ka gaishe ta? Iskarmu ba 'yar iska ba ce, Malam. Tana da tarbiyya."

To fa, an zo wurin! Ni mutum ne mai rowar gaisuwa, ba na musu. Shekara talatin da ɗaya Azumi na gaishe ni kullum safiya, ni kuwa "Uhm" nake cewa, kunnena na kan rediyo.

Na ce, "Sannu." Riga ta ɗan kumbura, jirgi ya yi taku uku ya tsaya.

"Sannu dai." Taku biyu.

Haushi ya kama ni na ce, "Uhm." Jirgi ya koma baya.

Ga ni a tsakiyar kogi. Kifaye sun fara fitowa tudu yin alwalar la'asar, bunsuru ya kama bakin kogin yana naɗewa kamar tabarma. Azumi ta koma kamar ƙwayar gero. Wallahi tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Na laluba bakina, babu gaisuwa tawa ko ɗaya. Sai tata, wadda nake yi kamar ba na ji.

"Ina kwana?" na ce wa iska. "Ina gajiya? Ya gwiwar, ta yi sauƙi? Kin samu barci kuwa? Sauro bai dame ki ba?"

Kai, jama'a! Riga ta cika fam, jirgi ya yi ta tsala gudu, hulata ta yi nata wuri. Ga Azumi nan ta miƙo hannu, saura ƙiris, gaisuwa ta ƙare mini. Na yi ihu, "In ƙara miki sukari?"

Ƙarar cokali a kofin shayi ce ta tashe ni. Azumi ta durƙusa, za ta buɗe baki, na riga ta.

"Azumi, ina kwana? Ina gajiya? Ya bayan naki?"

Cokalin ya tsaya. Ta taɓa goshina.

"Malam, ko zazzaɓin ne ya dawo?"

Na ce a'a, lafiyata ƙalau.

Ta ajiye kofin, ta gyara zama.

"To sake faɗa," ta ce, "ban ji da kyau ba."