Karan Gonar Tambari

Shekara uku Tambari mutumin Dangoma ya yi a asibitin kutare na 'yan mishan kusa da Kalgo. A 1954 aka sallame shi. Ya dawo babu yatsu biyu, amma ya iya karatun boko, kuma bakinsa ba ya rabo da sunan Malam Albarka.

Albarka Kirista ne daga ƙasar Zuru, shi ke koya wa majinyata noma da safe, karatu da yamma. Bai raba Tambari da sallarsa ba, ko da yake ya gwada. Abin da ya samu shiga shi ne ramin taki: a sare karan hatsi da na dawa, a daddatsa, a zuba a rami da toka da ruwa, a rufe har ya ruɓe. Tambari kuwa in ya kama abu ba ya yi masa riƙon sakainar kashi. Ko gaisuwa ka tsaya yi da shi, sai ka ji labarin rami.

Da aka gama girbi ya share gonarsa ƙal, ko karmami bai bari ba. Rami uku ya cika.

Abin da ya manta shi ne Sambo, Bafulatanin Wurogauri. Shekara ashirin Sambo na sauke shanunsa a gonar nan da kaka, su ci kara su bar kashi. Ko lokacin da Tambari ke jinya, 'yan'uwa na gudun ƙofar gidansa, Sambo bai fasa ba, don kada gonar ta mutu.

Wata rana da hantsi sai ga shi da shanu arba'in. Ya tsaya a kan iyaka, sanda a wuya, ya daɗe yana duban ƙasa tsirara. Ya gaida Tambari, ya yi masa barka da samun sauƙi, ya kaɗa shanunsa ya juya. Tambari na ta ɗokin nuna masa ramuka, sai da ya ga bayan saniyar ƙarshe sannan ya gane ya hana shanun abincinsu.

Kunya ta hana shi zuwa ruga shi kaɗai. Washegari ya tafi Kalgo ya ɗauko Albarka, suka je rugar, suka tarar matan Sambo na kwance bukkoki za su ƙaura.

"Sambo, ni na yi laihi," in ji Tambari. "Wallahi ba korarka niy yi ba."

"Gonarka ta, Tambari. Mi kay yi?" Sambo ya ce a hankali. "Da dai ka gaya min tun da damana, da na biɗi wani wuri. Yanzu kowace gona da makiyayinta, Umaru ya sauka nan, su Atiku can. Sai gulbi, kudu. Shanu shidda na da ciki."

Albarka ya sa baki. "Baffa, takin rami ya fi na shanu riƙe ƙasa, shi ya sa..."

"Ban musa ba, Malam. Ramin naka na ba da nono?"

 A garinsu Albarka bai saba ganin shanu a gona ba, Baturen da ya koya masa kuma bai taɓa ambaton makiyayi ba. Ya juya ga Tambari, muryarsa ta sauka.

"Baba, mutum talatin na koya wa wannan bana. Har da 'yan Dalijan."

Bai jira amsa ba ya hau kekensa ya kama hanyar Gwandu, ko zai tarar da wasu ɗalibansa ba su sare kara ba. Ya ceci gonaki tara. Daga shekarar nan ya sauya darasi, rabi na rami, rabi na shanu, kuma kafin ya taɓa fartanya sai ya tambayi ɗalibi wa ke sauka a gonarsa. Ni dai na yaba masa, don ba kowane malami ke yarda ya yi kure ba.

Damina ta zo, geron Tambari ya yi kyan da ba a taɓa gani ba a Dangoma. Mutane na zuwa kallo, shi kuwa abin bai yi masa daɗi ba. Da aka girbe bai sare ko kara ɗaya ba. Kullum yana bakin gona yana duban hanyar kudu.

Saƙo ya zo ta bakin wani mai jaki. Sambo na gaisuwa, shanu biyu sun yi ɓari a hanya bara, sauran lafiya. Wani manomi a can ya karɓe shi lokacin da ba shi da masauki, kuma ba zai iya barin gonar mutumin da ya yi masa haka ba. Ya san Tambari zai gane.

Tambari ya gane. Umaru ya roƙi karan, Atiku ma ya roƙa, ya ce su yi haƙuri, da mai shi. Haka karan ya tsaya har ruwan farko, gara ta cinye.