Mossie Bai Jira Busar Tashi Ba

Saura minti tara a tashi daga wasan ƙarshe na hurling, ƙwallon sanda na ƙasar Ireland, gundumarsa Kilkenny na gaban Tipperary da maki biyu, Mossie Brophy ya ɗago kai daga kujerarsa ya tambayi Nuala ko ta rufe kajin.

"Waɗanne kaji kuma? Rabonka da kiwon kaji shekara ashirin."

"Je ki rufe su, Kitty. Kin san halin dila."

Kitty matarsa ce, ta daɗe da rasuwa. Nuala ta ce masa to, ta rufe, ba tare da ta ɗauke ido daga talabijin ba.

Nuala Cuddihy maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba su. 'Yar gundumar Tipperary ce, aure ya ƙetaro da ita iyaka zuwa Kilkenny, mil huɗu kacal daga gidan ubanta, amma shekara arba'in ke nan Mossie bai daina ce mata baƙuwa ba. Ita kuma tsohuwar mage take ce masa, don da maguna ake yi wa mutanen Kilkenny laƙabi. Sassaƙa sandunan hurling ce sana'arsa kafin hannunsa ya fara rawa, har ɗanta sai da ya sassaƙa wa, yana mitar ya yi asarar itace a kan jinin Tipperary.

Tun bazara hankalinsa ke zuwa yana komawa. 'Yarsa Grainne ta sami tikitin wasan ƙarshe, ta ce ba za ta bar uban ta tafi Dublin, inda za a yi wasan, ba. Da safiyar ranar ya tashi garau, ya ce idan ta ɓata tikitin nan kada ta ƙara kiransa Baba. Likita kuwa ya ce yana da sauran makonni a duniya. Shi ya sa ta bar wa Nuala jerin magunguna ta hau jirgin ƙasa.

Sai Tipperary ta jefa ƙwallo a raga, maki uku ke nan, ta wuce da maki ɗaya. Nuala ta manta a ɗakin mara lafiya take, ta miƙe tsaye. Kilkenny ta rama, ta ƙara. Nuala ta matsa har gwiwarta na taɓa teburin talabijin, tana faɗa wa alƙalin wasa maganganun da ba za ta so Fadan coci ya ji ba. A mintin ƙarshe aka ba Tipperary bugu daga tsakiyar fili. Ƙwallon ta tashi, ta yi ta tafiya kamar ba za ta sauko ba, ta bi tsakanin turaku, maki ɗaya. Canjaras. Aka busa tashi.

"Ka gani ko, tsohuwar mage? Sai mun sake haɗuwa."

Bai amsa ba. Kansa ya karkata gefe, bargon na nan bisa cinyarsa yadda ta gyara masa. Ta ɗauka fushi ne, don ya taɓa yin kwana tara bai gaishe ta ba a kan maki ɗaya. Ta ce ya daina wannan, ai ba a cinye su ba. Ta taɓa hannunsa, da ɗumi. Ta kira sunansa sau biyu, sannan ta kara kunne a ƙirjinsa, amma ihun filin wasa bai bar ta ta ji komai ba. Ta kashe talabijin. Shirun ya fi ƙarfinta, ta sake kunnawa, ta sake kashewa.

Ta ɗauki waya, ta daɗe tana jin ƙararrawa na bugawa ta bayan katanga kafin ta gane lambar gidanta ta kira. Ta nemo ta likita, sannan ta Grainne.

"Nuala! Kin gani? Allah ya cece ku yau! Ba ni Baba."

"Grainne, ki dawo gida."

"Me? Ba na ji. Barci yake?"

"Ki dawo gida, 'yar nan."

Hayaniya ta haɗiye sauran, wayar ta yanke. Nuala ba ta san ko ta faɗa mata ba ko ba ta faɗa ba.

Likita ya iso, ya duba shi, ya rufe masa ido, ya tambaye ta ƙarfe nawa abin ya faru. Ta ce ya yi magana saura minti tara. Likitan ya ce bayan nan fa, Misis Cuddihy? Ta ce bayan nan aka ci ƙwallon. Ya dube ta jim, ya dubi agogonsa, ya rubuta wani abu. A rediyon mota ya ji wasan, shi ma bai gama dawowa daidai ba.

Kafin Fada ya gama addu'a maƙwabta sun cika tsakar gida, wasu da rigunan wasa a jikinsu. Mata suka buɗe taga, suka tsayar da agogon bango yadda al'adar gidan mutuwa take, suka ɗora tukunyar shayi. Maza na bakin ƙofa suna ta'aziyya, suna zamewa cikin gardamar bugun ƙarshe, sai su tuna su yi shiru. Wani ya ce ai Mossie ya rasu Kilkenny na kan gaba, ya yi sa'a. Wani ya ce a'a, ƙwallon nan ta Tipperary ce ta ƙarasa shi. Duk suka juyo wajen Nuala. Ta shige kicin ta kama yanka burodi, ta yanka fiye da abin da gari duka zai ci.

Rana na dab da faɗuwa Grainne ta shigo, kumatunta da fentin baƙi da ruwan ɗorawa, launin Kilkenny. A jirgi wata ta gaya mata rasuwar. Ta daɗe a wurin mahaifinta, sannan ta sami Nuala a kicin ta rufo ƙofa.

"Ya san yadda aka tashi?"

Tun ɗazu Nuala ta shirya abin da za ta ce: ya ga makin Kilkenny na ƙarshe, ya yi murmushi, tana riƙe da hannunsa. Da ta dubi fuskar Grainne sai maganar ta ƙi fita.

"Ban sani ba. Na juya masa baya, Grainne. Wasa nake kallo."

Nuala ta fara neman inda ta ajiye rigar sanyinta don ta tafi.

"Da ya kama ki kina kallonsa ana wasan ƙarshe," in ji Grainne, "da ya kore ki gida."

Ta yi wani sauti, Nuala ba ta gane dariya ce ko kuka ba. Sai ta buɗe famfo ta sunkuya tana wanke fuska. Fentin bai fita da sauƙi ba. Nuala ta tsaya a gefenta da tawul a hannu, tana kallon ruwan yana bin kwami, baƙi-baƙi, rawaya-rawaya, har ya fara yin fari.