Sunan Ɗan Fari

A ajin da nake koyarwa a kwalej ɗin Dakoro, in ka ƙirga 'ya'yan Fulani da na Buzaye ba ka cika yatsun hannu ɗaya. A ƙananan azuzuwa suna da ɗan dama, amma duk shekara sai sun zube kamar gero a buhu mai huda. Wasu abokan aikina kan ce ai kan makiyayi ba ya ɗaukar boko. Maganar nan tana ƙona mini rai. Lakwal, wato makarantar boko, tana nan kafe wuri guda, shanu kuwa ba su san ranar komawa aji ba. Yaro ya zo da Fillanci, ya yi ta fama da Hausa, kafin ya miƙe a ɗora masa Faransanci, sannan a ce kansa ne.

Wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajina shi ne Mahamadu Kimba, yaro siriri marar surutu. Aibinsa ɗaya: ranar kasuwa ba ka ganin ƙeyarsa. Na yi faɗa har na gaji, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Madam."

Wata ranar kasuwa, ana gab da faɗuwar damina, na tarar da Abarci mai gadi yana ta ɗaga murya a bakin ƙofa. Gabansa wata Bafillatana ce tsaye, ƙafafunta sun yi futu-futu, ta rungume ɗan ƙaramin gora.

"Madam Shafa'atu, zo ki ji ikon Allah," in ji Abarci. "Ɗanta taka biɗa, amma ta ƙi hwaɗin sunanshi. Ni boka ne?"

Na gaishe ta, na tambayi sunanta, ta ce Adawiyya. Da Hausarta mai ɗan karkata ta ba ni labari. Wani dillalin shanu, abokin maigidanta Samba, shi ya karɓi yaron tun yana ƙarami ya sa shi lakwal. Dillalin ya rasu, iyalinsa sun tashi. Fari ya kora su Adawiyya nesa, damina biyu ba ta sa yaron a ido ba. Yau ta biyo motar masu kawo awaki kasuwa, kuma bayan la'asar motar za ta juya, don gobe rugarsu za ta yi arewa.

"To, Inna, mi ne sunanshi?"

Ta kau da kai. "Yaron nan dai. Dogo ne. Yana da tabo nan." Ta taɓa gwiwarta.

Sai a lokacin na gane. Ɗan fari ne. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma ta Fulani ta ninka tamu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ko kallonsa sai a sace. Na tambayi sunan dillalin, ta ce su dai Elhaji suke ce masa. Elhaji kuwa a kasuwar shanun Dakoro, ko tsakuwa ka jefa sai ta faɗa kan ɗaya.

Na ja ta gindin itacen bedi, nesa da kunnen Abarci. Na ce, "Inna, yara sun hi ɗari biyar nan ciki. In ba suna, ba ni iya komi. Daga ni sai ke."

Ta daɗe tana murza wuyan goran. Ta dubi rana, ta dubi ƙofofin azuzuwa. Sannan ta ja gefen zanenta ta rufe baki, ta matso kusa da kunnena.

"Abdulmumini."

A hankali ta faɗe shi, tana jan ƙarshensa, kamar mai tsoron kada ya zube. Tana rufe baki hawaye suka biyo.

Na bi aji aji ina kiran Abdulmumini Samba. Aka samu Abdulmumini biyu, na fito da su, ta dube su ta girgiza kai. Na je wurin direkta, ya ce bai san mai wannan suna ba. Ta tsaya bakin ƙofa har aka tashi, tana bin fuskar kowane yaro da kallo. Da aka kira la'asar ta miƙo mini goran, man shanu ne a ciki. Ta ce, "In Allah ya gwada miki shi." Na bi bayanta da ido har ta sha kwana, tausayinta ya hana ni cin abinci ranar.

Washegari na shiga aji da goran, na ajiye kan tebur, na ba yara labari ko wani ya san mai shi. Ina cikin magana na ga Mahamadu ya ƙura wa goran ido. Sai da aka fita shan iska, aji ya watse, sannan ya taso.

"Madam, zanen da ke wuyan goran ga, na gidanmu ne."

Na ce, "Kai ba ɗan Kimba ba ne?"

"Elhaji Kimba shi ya kawo ni. Da anka tambaye shi suna sai ya ba da nashi, ya ce Mahamadu ya hi sauƙi. Ni ko na bar shi hakanan, don yara su bar ce mini ɗan daji."

"To jiya ina ka tahi?"

"Kasuwar shanu. Duk ranar kasuwa can nika zuwa, ko in ga wani na rugarmu."

Ashe jiya tana nan bakin ƙofa tana jiransa, shi yana can cikin turakun shanu yana leƙen fuskokin baƙi. Na ce masa in damina ta wuce za su dawo, da yardar Allah. Kamar bai ji ni ba. Ya ɗauki goran ya shinshina bakinsa, ya riƙe shi a ƙirji.

"Madam, ita ta hwaɗi sunan? Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Ni ban taɓa ji ba." Ya ɗago ya dube ni. "Don Allah, Madam, ki hwaɗa mini shi yadda ta hwaɗe shi."