Mataccen Fulogi

Ranar da Auta za ta rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, ni na fi kowa baki a gidan. Tun ƙarfe bakwai nake tsaye a tsakar gida ina kiran lokaci. Tara daidai ake rufe ƙofa, wanda ya makara kuma sai baɗi. Shekara guda yarinyar ta yi tana karatun wannan rana.

"Ke da madubi sai an raba ku," na ce mata. "Can ba kyau za a duba ba."

Bakwai da rabi ta fito da takardunta a hannu. Ni ne ban shirya ba, amma ban sani ba tukuna.

Ni bakaniken babura ne, rumfata tana ƙofar gida. Na turo babur ɗina, na buga kik. Shiru. Na sake bugawa har gumi ya karyo mini.

"Wa ya taɓa mini mashin?" na tambaya da ƙarfi.

Uwarta ta leƙo daga zaure. "Wa zai taɓa rabin ranka? Maigida, ku tari abin hawa ku tafi, ka gyara in ka dawo."

"Shekara ashirin ina tayar da na mutane, yau a gan ni a bayan na haya? Minti biyu ne."

Na duba mai, akwai. Na kwance kabireta na hure ta, na mayar. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Fulogi ne kawai ban duba ba, don makon jiya na sa sabo da hannuna. Wani mai shago da ke kallonmu ya ce, "Yau likita ne a kwance?" Na yi kamar ban ji ba. Auta tana tsaye a gefe, agogon hannunta kawai take juyawa.

Takwas da kwata na sa sifana na kwance fulogin. Baƙi ƙirin, bakinsa a cinye. Nan take na gane shi. Jiya da yamma wani ya kawo babur da ya ƙi tashi, na yi abin da muka saba yi: na cire nawa mai kyau na gwada a nasa. Ya tashi, mutumin ya ji daɗi ya tafi. Mataccen nasa kuma na ɗaura a nawa don kada ƙasa ta shiga ramin, da niyyar in canza kafin in tashi. Hira ta ɗauke ni.

Na dunƙule shi a hannu na jefa a aljihu. "Man da ake sayarwa yanzu duk ruwa ne," na ce. Na laluba akwatin kayan aiki na sami wani, na ɗaura, bugu ɗaya ya tashi. Da na ɗaga kai, idon Auta yana kan aljihuna. A rumfar nan ta yi rarrafe, ta san fulogi kafin ta san baƙi.

Hanya ta cushe kamar yadda take cushewa bayan takwas. Na kutsa tsakanin motoci, na zagi wani direba da bai yi mini komai ba. Tara da minti goma sha biyu muka isa. Ƙofa a rufe, wata malama mai tabarau tana tsaye daga ciki da takardar sunaye.

Ta dubi Auta sama da ƙasa. "Ke ce za ki yi jinya? Mara lafiya zai jira ki gama shafa hoda? Dubi mahaifinki yadda ya jiƙe da gumi saboda ke. Me ya tsayar da ke?"

Amsar tana aljihuna, ina jin nauyinta a cinyata. Na buɗe baki, sai Auta ta riga ni.

"Laifina ne, Malama. Ban shirya da wuri ba. A yi mini haƙuri."

"Haka ne, Baba?"

Na sunkuyar da kai. Ta ɗauki hakan a matsayin e.

"Don darajar tsohon nan zan bar ki," in ji ta, tana zare sakata. "Amma ko minti ɗaya ba za a ƙara miki ba."

Awa biyu na yi zaune a kan babur a gindin katanga ina juya abin. Na ce wa kaina shirun da na yi ne ya buɗe ƙofar, tunda tausayina malamar ta ji, da na yi magana wataƙila da ta ƙi. Wannan yana iya zama gaskiya. Sai dai lokacin da na sunkuyar da kai ban yi wannan lissafin ba. Daga baya na samo shi. A lokacin, abin da na ji kawai shi ne sauƙi, cewa ba ni ake kallo ba.

Sha ɗaya da 'yan mintuna suka fito. Na hango ta tana tafe a hankali.

"Yaya?"

"Tambayoyin na san su duka, Baba. Guda tara ne ban kai kansu ba."

"Cikin nawa?"

"Sittin."

"Auta, ɗazu a ƙofa, ya kamata in ce..."

"Da ka fara, da har yanzu kana yi mata bayanin kabireta." Ta yi ɗan murmushin da bai daɗe ba. "Hamsin da ɗaya ma suna iya isa. Wasu shekarun suna isa."

Ta gyara mayafinta ta hau baya.

"Innarki za ta tambaya," na ce.

"Ni dai na faɗi nawa a ƙofa," ta ce. "Na gida kai za ka faɗa."